Wa ke gayyatar tsofaffin gidan gajiyayyu suna ko ɗaurin aure?

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa, a tsohon birnin Kano, a Shahuci, akwai gidan gajiyayyu, kuma da yawanmu muna wucewa ta wajen a hanyar kasuwa ba tare da mun taɓa tunanin shiga mu gaisa ba. Idan azumi ya zo akan kai shinkafa da atamfa, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, sannan a yi shiru har wata shekara. Allah Ya saka wa masu kaiwa da alheri, amma ciyarwa daban, zumunci daban.

Tsohuwar da ke zaune a can ta yi goyo, ta yi aurarraki, ta san yadda ake wankan jego da yadda ake sasanta miji da mata. Yau ana suna a bayan katangarta, ba a aiko mata da goro ba. Ana rasuwa a unguwa, sai bayan sadakar uku take ji. Babu mai neman shawararta, babu yaron da ake turowa ya gaishe ta da safe, kuma wannan rashin yana ciwo fiye da yadda masu ƙarfi a jika suke zato.

Imam Muslim ya ruwaito cewa bayan wafatin Manzon Allah (SAW), Sayyidina Abubakar ya ce wa Sayyidina Umar su je su ziyarci Ummu Aiman kamar yadda Manzon Allah yake ziyartar ta. Da suka isa ta yi kuka saboda yankewar wahayi, su ma suka yi kuka tare da ita. Ku duba, halifa ne da kansa, ga nauyin al'umma a wuyansa, ya tashi ya je domin kawai ya zauna da tsohuwa. A aya ta 54 ta Suratur Rum kuwa, Allah Ya gaya mana cewa bayan ƙarfi akwai rauni da furfura, kuma bai keɓe kowa ba.

Saboda haka idan an sauko daga Juma'a, ka ɗauki ɗanka ku shiga, ku durƙusa ku ce "Baba, ina wuni," ku tambaye shi garinsu da sana'ar da ya yi, ku bar shi ya yi ta labari ko da ya maimaita sau uku. Idan za ku tashi, ku tambayi sunansa, domin ranar da kuka dawo ku kira shi da shi.