Daren da Ruwa Ya Gudu Ya Bar Mu a Manda

Kafin in je Lamu, duk ilimina a kan ruwa a madatsar Tiga ya tsaya: inda ka bar shi da yamma, nan za ka tarar da shi da safe. Da wannan ilimin na hau jirgi a gaɓar Kenya.

Maulidin Masallacin Riyadha ne ya kai ni. Garin tsoho ne, tun 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, lungunansa matsattsu, jaki ne motar kowa. Da aka watse, abokina da ke karatu a Mombasa ya rantse ba zan koma Kano ban kwana a kan teku ba. Ya yi mana cinikin jirgin katako mai filafili ɗaya, ba inji, sai wani dattijo da yaransa biyu. Shirin shi ne mu bi ta Shela, mu tsallaka tsibirin Manda, mu kwana a mashigin Takwa, da safe mu ga kufai.

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai kukan igiya da iskar kudu da suke kira kusi. Banɗakin ne kawai bai yi mini ba: wani akwati ne a rataye a bayan jirgi, ƙasansa a buɗe, kifaye na kallonka. Na leƙa sau ɗaya, cikina ya fasa da kansa.

Da la'asar sakaliya muka shiga wani siririn mashigi, itatuwa sun tsiro cikin ruwan gishiri dama da hagu. Aka jefa anka, aka gasa kifi, aka dafa shinkafa da madarar kwakwa. Magariba ta yi, na shimfiɗa darduma na dubi gabas. Dattijon ya kama kafaɗata ya juya ni arewa. Na so in yi gardama, abokina ya ce, "Alhaji, Makka a saman kanmu take a nan, ba a gabas ba." To, na ta da kabbara ina kallon arewa. Kafin in sallame, jirgin ya zagaya a kan igiyar ankarsa, na idar ina fuskantar tukunyar shinkafa.

Ƙarshen wata ne, duhu baƙi ƙirin. Na kwanta da rigar ceto a jikina, na ɗaure duk igiyoyinta har da wadda ban san amfaninta ba.

Can cikin dare na farka na ji ina gangarawa. Jirgin ya karkace gefe guda, buta ta wuce ni a guje, kwanuka na binta. Ƙarar ruwan da ke dukan katako ma ta ɗauke ɗif. Na ce shi ke nan, mun nitse har mun isa ƙasa. Na ƙwala salati, na yi kalmar shahada, na cusa fasfo a baki don a gane gawa, na rufe ido na daka tsalle cikin Tekun Indiya.

Caɓal! Taɓo har gwiwa.

Na fara iyo duk da haka, don jikina bai samu labari da wuri ba. Ina cikin wutsil-wutsil sai hasken tocila ya sauka a kaina. Ga ƙato kwance rub da ciki a laka, rigar ceto ruwan lemo, fasfo a baki, ƙananan ƙaguwoyi na ta watsewa. Ruwa kuwa ko na alwala babu. Yaran suka faɗi suna riƙe ciki. Abokina, maimakon ya miƙo hannu, waya ya miƙo.

Dattijon ne kaɗai bai yi dariya ba, shi ya fi yi mini ciwo. Ya tsuguna a bakin jirgi, ya yi mini bayani da Larabci a hankali yadda ake yi wa yaro. Ruwan teku sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kwana guda, kusan awa shida tsakani. Wata ne ke jan sa, kuma ya fi janyewa idan wata ya ɓace ko ya cika. Da gangan ya shigo da mu da cikar yamma, ya san jirgin zai zauna a kan laka, ruwan asuba ya ɗaga shi. Sannan ya ce kada in hau masa jirgi a haka. A kan saiwar itace na zauna, sauro na shagali, yaro na kwara mini ruwan jarka da kofi. Takalmina na dama yana can har yau.

Da safe ruwa ya dawo kamar bai yi komai ba, muka ƙarasa Takwa. Gari ne na Swahili da aka yi watsi da shi wajen shekara 300 da suka wuce, ana cewa rijiyoyinsa ne suka zama gishiri, mutanen suka koma Shela. Masallacinsu na nan da dogon ginshiƙi a kan bangon alƙibla, shi ma arewa yake kallo, abokina ya tabbatar na lura. Mai gadin wurin ya taho ya gaisa da kowa, ya dubi ƙafata mai takalmi, ya dubi marar takalmi, ya juya wajen dattijon ya tambaye shi wani abu.

Na ce wa abokina, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, wannan ne?"