Gyare mai shekara miliyan 99 ba kayan ado ba ne

Kun dai ga bidiyon. Mutum ya samu amba, wato ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da ya zama kamar dutse, mai gyare a ciki, ya sa inji ya huda, ya zura sarƙa, ya rataya a wuya yana washe baki. Sannu da aiki, sarkin ado! Ƙwaron da ya yi shekara miliyan 99 kwance lafiya lau, sai a hannunka ya gamu da ajalinsa na biyu. Hudar ma ta gefen fiffike ta bi.

Fiffiken nan shi ne komai. Gyare ba da baki yake kuka ba. Namijin yana da jerin haƙora ƙanana a jikin jijiyar fiffike ɗaya, yana goga su da gefen ɗayan, sautin ya fito. Masana suna ƙirga haƙoran nan, su auna tazararsu, su gano irin muryar da ƙwaron yake yi. A 2012 sun dawo da kukan wani ɗan uwan gyare mai shekara miliyan 165 da aka tono a Sin, alhali shi a matse yake cikin dutse kamar an bi ta kansa da guga. Ina ga wanda ƙaron itace ya lulluɓe, ya daskare da shi yadda yake, har gashin ƙafarsa ana gani? Wallahi abin ya taɓa ni. Muryar da ta yi kuka cikin dare lokacin da dinoso ke yawo a doron ƙasa, an huda ta don a yi hoto.

Wai kuɗinsa ne. To, kuɗinsa ne, sai me? Wai irin waɗannan gyare na cikin amba suna da yawa. Ƙudaje da ƙananan ƙwari ne suke da yawa. Babban gyare yana da ƙarfin ƙafar da zai fizge kansa daga ƙaro, shi ya sa yawancin waɗanda ake samu 'ya'ya ne da ba su yi fiffike ba. Mai cikakken fiffike sai an tona, kuma ba kayan ado ba ne, ko nawa aka saye shi.

Ban ma taɓo inda ake haƙo amban ba. Kwarin Hukawng a jihar Kachin ta Myanmar, inda sojoji suka ƙwace wuraren haƙar a 2017, ana fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwar Tengchong a Sin. Masana da yawa sun daina taɓa wanda aka haƙo bayan wannan lokaci. Shi ko gogan naka ko a jikinsa.

Af, kun san kunnen gyare a ƙafafunsa na gaba yake, ƙasa da gwiwa? Tun da na sani, duk daren da na ji yana kuka sai in kama tunanin yadda macen take sauraronsa da ƙafa.