Letitia Wright 'Yar Guyana Ce

Tun da fim ɗin Black Panther ya fito a 2018, mutane da dama ke ɗaukar Letitia Wright, wadda ta fito a matsayin Shuri, 'yar wata ƙasar Afirka ce. Ba haka ba ne. A Georgetown, babban birnin Guyana, aka haife ta a 1993, kuma tana ƙarama iyalinta suka koma Landan. Karin harshen da aka ji a bakinta koyonsa ta yi, don a fim ɗin an jingina maganar mutanen Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a labarin, da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu.

Guyana tana Kudancin Amurka, amma a tarihi da al'ada cikin Karebiyan take, hedikwatar ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, wato CARICOM, ma a Georgetown take. Baƙaƙen ƙasar jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka aka sa su noman rake. Jinin na Afirka ne, amma sun gina nasu harshe da abinci da kiɗa tare da jikokin Indiyawa, waɗanda su suka fi yawa a ƙasar.

Ni a ganina aikinta da ya fi nuna tushenta shi ne fim ɗin Mangrove na 2020. A nan ta fito a matsayin Altheia Jones-LeCointe, 'yar gwagwarmaya haifaffiyar Trinidad, wadda ta tsaya ta kare kanta a kotun Landan a 1971. Ko a nan sai da ta sauya karin harshe, domin maganar Trinidad daban take da ta Guyana, balle ta Jamaika da ake yi wa kowa kuɗin goro da ita.