Ranar Da Na Auri Tumatir

Watana huɗu a Almeriya, can kudancin Sifen, ina tsinkar tumatir a rumfunan ledar nan da suka lulluɓe ƙasa har bakin teku, sai na shiga ajin yamma na koyon Sifaniyanci. Malamarmu ta ce in za ka faɗi abin da ka riga ka yi, ka ɗauko aikatau ɗin nan haber ka juya shi daidai da wanda ya yi aikin, sannan ka jingina masa aikatau mai ƙarewa da -ado ko -ido. He comido, na ci. Has comido, ka ci. Han comido, sun ci. To su ba sa furta harafin h, don haka he ta koma "e", han kuma ta koma "an". Na ce wallahi wannan ai Hausa ce aka sa wa hula: an komido, an ci! Tun daga nan na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Kafaɗar ba ta kwana a sama ba. Na ce he hacido, ta ce hecho. Na ce he rompido, ta ce roto. Ponido ma ashe puesto ne. Na nemi dalili, ta ce haka aka gada. Na so in yi gardama, sai na tuna yadda jam'in Hausa yake gasa wa baƙi aya a hannu, na ja bakina na yi shiru.

Wata Alhamis na dawo daga aiki likis, don zafin cikin ledar nan ko Sakkwato a watan Afrilu albarka. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana zaune bakin ƙofa, ta tambaye ni ya aiki. Na yi niyyar cewa me he cansado, na gaji. Harafin n ɗin nan ɗaya ya zame mini a hanya, na ce mata hoy me he casado. Wato yau na yi aure.

Matar nan ta san hoton uwargidana da ke kan wayata. Ta dafe ƙirji: ¿Con quién? Da wa? Ni kuma na zaci abin da ya gajiyar da ni take tambaya.

Na ce, "Con los tomates, señora." Wato da tumatir.

Ganin ta zaro ido, sai na ɗauka iyawata ce ta burge ta, na ƙaro mata da darasin makon jiya, mai había: nunca me había casado tanto. Ban taɓa yin aure irin na yau ba.

Dariya ta yi har da hawaye, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. Yanzu duk layin, kowa ya gan ni sai ya tambayi lafiyar amarya, ita kuwa tsohuwar ba ta yanka tumatir na gazpacho, miyarsu ta tumatir da ake sha da sanyi, sai ta yi mini ta'aziyya.

Da na ba uwargida labari ta waya, cewa ta yi kishiyar da ake miya da ita ba ta hana ta barci.