Waya ba za ta koya wa jaririnki Turanci ba

Kwanakin baya na je suna a unguwar Bolari nan Gombe, na ga abin da ya hana ni sakat har yau. Wata yarinya da ba ta wuce wata biyar ba an kwantar da ita a kan katifa, an jingina mata waya da filo katun na ta tsalle-tsalle da Turanci, uwar kuma tana can cikin mata tana cewa ai tun yanzu ake farawa, kafin ta shiga nazare kunnenta ya saba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, yanzu masu tura fina-finai a waya har da kason jarirai suke da shi, kuma wai wayewa ke nan.

To ni dai na ce yaudarar kai ce, kuma ba ra'ayina kawai ba ne. A 2003 wata mai bincike Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta ɗebo jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kawai suke ji a gida, aka riƙa zama da su sau 12 ana yi musu wasa da karatu da yaren Sin na Mandarin. Waɗanda mutum ne ya zauna gabansu yana kallonsu yana magana, sun iya bambance sautukan yaren. Waɗanda aka kunna musu mutanen nan dai a talabijin, ko murya kawai a sifika, ba su kama komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin yaren ba. Magana ɗaya, mutane ɗaya, amma da aka sa gilashi a tsakani sai abin ya tashi a banza.

Jariri ba rediyo yake saurare ba, mutum yake saurare. Tun yana ciki a watannin ƙarshe yake jin muryar uwarsa, kuma a 1980 wasu masu bincike biyu, DeCasper da Fifer, sun gwada jariran da ba su wuce kwana 3 da haihuwa ba, suka ga suna sauya yadda suke tsotsar roba don a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata mace. A Faransa ma a 1988 an ga jarirai 'yan kwana 4 suna bambance Faransanci da Rashanci. Ku duba fa, ko suna ba a yi ba, yaro ya riga ya san muryar gidansu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin da ake ɓarnatarwa. Jariri ɗan wata 6 kunnensa a buɗe yake ga sautin kusan kowane yare, amma zuwa wata 10 zuwa 12 sai ya fara tattara hankalinsa kan abin da yake ji kullum ya saki sauran. Wannan ne lokacin da ɗan Bahaushe ke kama bambancin k da ƙ, da b da ɓ, da hawa da saukar murya da ke raba ma'anar kalma da kalma, ɗan Bafulatani kuma na kama nasa a Fulfulde. Baturen da ya girma sai ya sha wuya kafin ya ji bambancin kafa da ƙafa, ke kuma kina da shi kyauta a bakinki kin je kin miƙa aikin ga batir.

Za a ce ai uwa na da aiki, ga girki ga wanki. Haba, kakanninmu da goyo a baya suke daka suna waƙa, yaro na jin muryar ta ƙirji da gadon baya, ba su taɓa ware awa guda ta koyar da magana ba. Masu cewa yare biyu na rikita yaro kuwa su zo Gombe su ga yaran da suka tashi da Hausa da Fulfulde ko Tangale ko Tera a gida ɗaya lafiya lau.

Amma kada mu ɗora wa waya laifin duka, mu ma muna da namu. Har yanzu akwai mai ganin uwa tana hira da jinjiri ya ce ta cika surutu, me ya sani. Ga kuma kunyar ɗan fari, uwa ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba. A da wannan bai cika yin illa ba don gidan cike yake da kaka da goggo da inna masu ɗaukarsa suna yi masa tawai. Yanzu amarya ce ita kaɗai a ɗaki biyu na haya, miji ya fita tun safe ya dawo ya rungumi tasa wayar, to wa zai yi wa yaron magana? Iyaye maza ku ma da ku nake, kun yi masa huɗuba a kunne ranar haihuwa, daga nan kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya bai kamata a ajiye shi gaban allon waya ko talabijin ba sam. Ya kamata malaman asibiti su riƙa faɗin haka a wajen awo da ranar rigakafi kamar yadda suke nanata maganar nono zalla na wata 6. Ke kuma idan ya yi gwaranci ki amsa masa, ki ɗan dakata ya sake yi, da yaren da ya fi zama a bakinki.