Ku Bar Likitan Tiyata Ya Shiga Ɗakin Bincike

Wata magana na ƙara samun gindin zama a manyan asibitocin koyarwa na Amurka, kuma ta fara ƙona min rai. Wai shekara biyun da matashin likitan tiyata kan keɓe don bincike, a tsakiyar horonsa na shekara 5, asarar lokaci ce. Wai shi nasa wuƙa ne, nazarin garkuwar jiki kuwa a bar wa masana kimiyya. Asibiti na auna likita da yawan aikin da ya yi a ɗakin tiyata, domin daga nan kuɗi ke shigowa. Duk ranar da ya wuni yana nazarin ƙwayoyin halitta, a lissafinsu ranar ta tafi a banza.

Masu wannan lissafi ba su san tarihin maganin da suke tinƙaho da shi ba, wato yaƙar ciwon daji da garkuwar jiki. William Coley, wanda a 1891 ya yi wa mai ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta a New York don ya zaburar da garkuwar jikinsa, likitan tiyata ne. Steven Rosenberg, da ya karɓi ragamar sashen tiyata na Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka a 1974, likitan tiyata ne. A 1968, yana matashi, ya buɗe cikin wani mutum da aka sallama shekaru da dama baya kan cewa dajin cikinsa ya fi ƙarfin magani, ya duba bai ga ƙarin daji ko ɗaya ba. Da hannunsa ya laluba hantar mutumin. Tambayar da ta biyo baya, yaya aka yi jiki ya cinye dajin da kansa, ita ta kai shi ga maganin IL-2 mai zaburar da garkuwar jiki, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi kan dajin ƙoda a 1992. Suzanne Topalian, da ta jagoranci gwajin nivolumab, wani maganin daji mai aiki ta garkuwar jiki, da aka wallafa a 2012, ita ma tiyata ta koya, kuma a sashen Rosenberg ta goge.

Za a ce wannan tarihi ne. To, a duba Amtagvi, maganin dajin fata da FDA ta amince da shi a Fabrairun 2024. Sai likita ya yanko ƙarin, a tsamo ƙwayoyin garkuwar da suka riga suka kutsa cikinsa, a hayayyafa su zuwa biliyoyi, sannan a mayar wa mara lafiya. Wane ƙari za a yanko, daga wane sashe, yaya za a adana shi kada ya gurɓace? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da bai taɓa rainon waɗannan ƙwayoyi da hannunsa ba, ba zai gane abin da ɗakin bincike ke bukata daga wuƙarsa ba.

Akwai masu kafa hujja da gwajin 2022 na dostarlimab, shi ma maganin daji mai aiki ta garkuwar jiki, inda dajin dubura ya ɓace ba tare da tiyata ba, suna cewa zamanin wuƙa ya wuce. Wannan gaggawa ce, domin maganin ya yi aiki ne a kan wani ɗan rukuni na masu tawaya ta musamman a ƙwayar halittar ƙarin.

Abin takaici shi ne matashin da ke da sha'awar wannan fanni na fita daga makaranta da bashin karatu a wuyansa, a ce masa ya zaɓa: albashi mai tsoka ko bincike. Wannan ba zaɓi ba ne, kora ce. Kuma shugabannin da ke yin korar su ne za su fara tallata asibitinsu da sabon maganin idan ya fito.

Asibitocin koyarwa su ware wa irin waɗannan likitoci ranakun bincike da ba mai taɓawa, su daina zaftare musu albashi a kai. Masu ba da tallafin bincike kuma su ci gaba da riƙe su a shekarun farko bayan horo, lokacin da jerin marasa lafiya ke cinye musu mako.