Ni da tumfafiyar Amurka

Ummi ce ta jawo min wannan aikin wallahi. Ta dawo daga makaranta nan Minneapolis da wata takarda, wai malam-buɗe-littafin nan da ake kira monak, wanda jihar Minnesota ta ɗauka a matsayin nata, yana ta raguwa, kuma ba ya saka ƙwai a kan komai sai wani tsiro mai suna milkwid, don haka kowane gida ya taimaka ya shuka. Na ce to Allah ya ba su sa'a. Ta ce Abba ai mu ma gida ne. Shikenan bakina ya mutu.

Ta zaɓi na fadama mai farin fure, Ice Ballet sunansa, wai mai ruwan hoda kowa na da shi. Iri ya iso, na karanta bayan takardar, wai sai a naɗe shi a jiƙaƙƙen tishu a sa a firij kwana 30 kafin a shuka, don ya ɗauka hunturu ya yi ya wuce. Ni da na taso a gonar gero ban taɓa jin inda ake yaudarar iri ba, amma na bi. Maman Ummi ta tsinci ledar kusa da daddawa, ta ɗago ta da yatsu biyu ta ce Baban Ummi wannan kuma wane asiri ne aka fara ajiye min a firij? Da ƙyar na ƙwato ta a bakin kwandon shara.

Na shuka a bakin indararo inda ruwa ke kwanciya tunda shi mai son laima ne. Shekarar farko ganye kawai, ko fure ɗaya babu. Dusar ƙanƙara ta zo ta shafe wajen, bazara ta shigo komai na unguwa ya tsiro ban da nawa, har na sayo tumatir zan dasa a gurbin sai ga shi ya leƙo a ƙarshen Mayu, ashe halinsa ke nan, sai kowa ya gama fitowa. Zuwa Yuli ya kai min ƙugu, fure fari tas dunƙule-dunƙule, ga ƙamshi mai daɗi.

Wata rana na tsinke ganye ɗaya, sai ga farin ruwa mai danƙo yana tsattsafowa a yatsana. Na tsaya na ƙura masa ido. Na san wannan nonon, shi ne wanda ake hana mu taɓawa muna yara kar ya shiga ido. Na duba intanet, ai kuwa dangi ɗaya suke da tumfafiya, har ma wani malam-buɗe-littafi na wajenmu, ɗan'uwan monak ɗin, ganyenta tsutsarsa ke ci.

Tsautsayi ya sa na ba Hajiyarmu labarin a bidiyo kol. Ta matso da fuskarta jikin waya ta ce kai yanzu tumfafiyar da ke fitowa a kufai da bayan gari ita ka tsallaka teku ka je kana yi wa ban ruwa? Na ce Hajiya wannan mai farin fure ce. Ta ce Allah ya shirya, ta miƙa wa ƙanena wayar, shi kuma dariya ta hana shi magana.

Sai kuma tsutsa. Da safe na fito na tarar da wasu masu zanen rawaya da baƙi da fari sun baje a kan ganyen suna ci ba ji ba gani. Jinin manomi ya motsa, na koma gareji na ɗauko maganin feshi, ina cikin girgiza gwangwanin sai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ta kurma ihu ta saman shinge kamar ta ga ɓarawo da akuyarta. Ta ce kar ka kuskura, ai su ka shuka wa! Na ce cinyewa fa suke yi. Ta ce to da me kake so su yi? Ta tsaya ta min karatu, wai gubar da ke cikin nonon ita suke tarawa a jikinsu, tsuntsun da ya ci ɗaya sai ya yi amai, ba ya ƙarawa.

Cikin sati biyu sun mayar min da shukar tsirara, kara kawai, kuma ba su ƙoshi ba. Ummi ta fara hawaye wai za su mutu da yunwa, haka na tuƙa mota zuwa wajen masu sayar da furanni na sayo wasu tukwanen, dala 10 kowace ɗaya, abincin tsutsa, ni da nake cinikin albasa.

Ɗaya dai ta maƙale a ƙarƙashin taga ta zama wani koren ƙunshi mai ɗigon zinare, muka yi ta gadinsa, ranar da ya fashe kuma ina wajen aiki. Ko ganinsa ban yi ba. Ummi ta ce ƙila ma ya kama hanyar Meziko, can duwatsun Michoacan suke cin hunturu, kusan kilomita 3,000 daga nan, ba biza ba fasfo.

Jiya da dare ƙanena ya turo min hoton tumfafiya cike da kangon bayan gidanmu, ya rubuta a ƙasa: Yaya don Allah tambayo min nawa suke sayen buhu, in da hali sai mu raba riba.